Akuyar Inna Mairo Ce Ta Tona Ni

Ko da zan manta ranar da aka miƙa mini takardar digiri, ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Talata a ƙaramin asibitin unguwarmu ta Gurda ba, ina da cikin wata takwas da 'yan kwanaki.

Ni dai tun ina ƙarama ban iya cewa "e" ko "a'a" kai tsaye ba. Sai dai "wataƙila" da "ya danganta". Karatun jami'a a Yamai bai warkar da ni ba, ƙara mini ya yi. Da aure ya kawo ni garin Sabha, can ƙasar Larabawa, inda maigidana ke tuƙin babbar mota, sai na zama mai karanta wa matan gidan hayarmu kowace takarda. Inna Mairo, wata tsohuwa 'yar Damagaram da ke kiwon awaki a bayan gidan, ta raɗa mini suna Madam Lisans, wato Madam Mai Digiri. (Na daɗe ina ɗauka yabo ne.)

Wata ranar awo, likitarmu, Balarabiya mai fara'a da ke jin Hausar kasuwa, ta tara mu masu tsohon ciki. Ta ce suna wani bincike: za a raba mu biyu da ƙuri'a, wasu su riƙa cin dabino shida kullum har su haihu, wasu su ƙaurace masa, don a ga ko yana da tasiri a kan naƙuda. Wadda ta shiga za a riƙa duba ta kowane mako. Ba dole, in ji ta, a je a yi shawara, a dawo cikin kwana goma.

Balkisa, maƙwabciyar ɗakina, nan take ta miƙa yatsa za ta dangwala a takardar amincewa da likita ta raba mana. Ta taɓa rasa ciki dab da haihuwa, don haka dubawar nan ta kowane mako ita ce duk abin da take so a duniya. Na cafke hannunta. "Ba a sa hannu a abin da ba a karanta ba. Ki jira ni in bincika."

Ta jira ni. Kwana tara.

Na fassara takardar daga Larabci, na sake fassarawa don ban yarda da ta farkon ba. Na sayi sabon littafi na cika shi da tambayoyi. Na kira maigida yana kan hanya, ya ce, "Dabino fa aka ce, ba allura ba." Na ce ai da allura ce, da na san abin da nake tsoro. Kullum da safe Balkisa na leƙowa: "Anti, an gama binciken?" Ni kuwa in ce saura ƙiris, akwai wani sashe da bai kwanta mini ba.

Abin da ban gaya muku ba shi ne, in ina cikin damuwa bakina ba ya zama haka nan. Ga shi maigida ya ajiye mini rabin buhun dabino da ya zo da shi daga garin Gudduwa. Ina rubutu da dama, hagu na shiga buhu. Ƙwallayen kuwa, tun da ni ba mai zubar da shara ko'ina ba ce, ina tara su a kwano a bakin ƙofa, Inna Mairo ta kwashe ta jiƙa wa awakinta.

Rana ta goma Inna ta raka mu asibiti. Ɗakin jira ya cika da mata, na miƙe da littafina kamar mai kare kundin digiri. Tambayoyi ashirin da bakwai. Idan dabinon ƙato ne, ɗaya za a ƙirga ko ɗaya da rabi? Idan na faɗa cikin waɗanda ba sa ci, aka ba ni a gidan suna, in mayar? Zan iya fita in na canza ra'ayi? Kuma, wannan ita ce babbar damuwata, anya shida kullum bai yi wa jariri yawa ba?

Likita, baiwar Allah, ta amsa su ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko ɓata rai ba. Sannan ta ɗauki biro. "To, yanzu ni tambaya ɗaya. Ke ci dabino nawa kullum?"

"Wato... ya danganta da ranar. Biyu. Wataƙila uku."

"La'ilaha illallahu!" Inna Mairo ce daga kan benci. "Likita, kada ki rubuta. Jiya kaɗai ƙwallo arba'in da ɗaya na kwashe a ƙofarta. Akuyata da ta rame kamar tsinke, yanzu sai ta karkace take shiga garke!"

Ɗakin ya ɗauki dariya, waɗanda ba sa jin Hausa ana fassara musu, su ma su fashe daga baya. Wato sau biyu aka yi mini. Na ce wataƙila baƙi ne suka ci.

"Wane baƙi, Anti?" in ji Balkisa. "Kwana tara ko ni ba ki bari na shiga ba."

Na sunkuya in buɗe littafina don in ɓoye fuska, sai shafukan suka ƙi rabuwa. Danƙon dabino ya manne su.

Likita ta share hawayen dariya ta ce tambayoyina masu kyau ne, haka ya kamata kowa ya yi, amma su masu cin kaɗan suke nema, don haka ba ni da gurbi. Ta tura ni gwajin sukari nan take. (Lafiya lau, alhamdulillahi, ko da yake na nemi a maimaita.) Balkisa ta dangwala yatsanta, saura ƙiris in ja mata asarar abin da ta fi buƙata.

Mun sauka lafiya dukkanmu. Abin da binciken ya gano ban sani ba, kuma kun san ni, ba zan yi hasashe ba. Na dai koyi cewa kafin mutum ya titsiye likita da tambaya ashirin da bakwai, ya fara yi wa hannunsa na hagu guda ɗaya. Inna Mairo ta daina ce mini Madam Lisans. Yanzu duk gidan, har mai kawo ruwa, Arba'in-da-Ɗaya suke kirana.