Ranar da Na Ɗauki Nauyin Itacen Biki

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa na manta, amma ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura auren ƙanin matata a Kwandere ba. Ko na so in manta ma ba za a bar ni ba, don har yau akwai masu ajiye da bidiyon a waya.

Ni malamin lissafi ne, ina zaune a Bukan Sidi, cikin garin Lafia. A tsakar gidana akwai mangwaro ɗaya da darbejiya biyu, kuma duk shekara kafin damina sai na nemo mai sara ya rage min rassan da suka leƙa kan kwanon maƙwabcina. Rassa uku ne ko huɗu, ba su fi kaurin cinyata ba. Na daɗe ina cewa zan sayi ɗan injin yankan itace in huta da jiran mai sara, amma maganar ba ta wuce baki ba sai da biki ya taso.

An yi zaman shirin biki a gidan surukina. Mijin yayar matata, Alhaji Isa, ya gyara zama ya ce shi ya ɗauki nauyin san da za a yanka. Aka yi ta shi masa albarka, ni kuwa ina gefe ina jin wani abu yana cina a rai. Sai Baba, wato surukina, ya ce akwai tsohon mangwaron da iska ta kayar a bayan gida tun bara, ya bushe, zai kira masu inji su yanka a yi girki da shi.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Baba, a bar min wannan. Kada a kira kowa, kada a sayi itace ko ɗauri ɗaya. Ina da inji."

Matata Hauwa ta ɗago ta dube ni. (Ta san abin da ke gidanmu kaf, kuma mafi kaifi a ciki wuƙar yankan albasa ce.)

Washegari na nufi kasuwa, shagon Alhaji Sabo, wani dattijo mai sayar da janareto da injinan ban ruwa. Maimakon ya nuna min kaya, sai ya hau yi min tambayoyi kamar likita. Me zan yanka? Sau nawa a shekara? Da na faɗa masa, ya ɗauko wani ɗan madaidaici ya ɗora a kan tebur.

"Malam, ga naka. Bakinsa inci goma sha shida. Ba nauyi, ba shan mai, kuma in sarƙa ta lalace ko fulogi ya mutu, nan Lafia za ka samu. Kada sunan kamfani ya ruɗe ka, ka fara tambaya ko ana samun kayan gyaransa a garinku. Mangwaron surukin naka ma zai ci shi, sai dai ka bi shi ta gefe biyu."

Magana ce ta gaskiya, amma idona yana can kan wani ƙato da aka jingine a lungu, bakinsa kusan tsawon ƙafata. Na hango kaina riƙe da shi a gaban Alhaji Isa.

"Wancan fa?"

"Wancan na masu shiga daji ne, waɗanda ke kayar da maɗaci su fasa katako. Wa zai riƙe maka?"

Wannan tambayar ce ta gama da ni. Na ce shi nake so. Ya ce to in bari ya haɗa min a shago, ya nuna min yadda ake ɗora sarƙa. Na ƙi. A nan ne wautata ta kai ƙarshe: so nake a ga kwalin a rufe, in farke shi a gaban jama'a, kowa ya shaida sabo ne dal ba aro ba. Abin da na yarda ya koya min kawai shi ne yadda ake gauraya fetur da baƙin mai.

Ranar Juma'a ya kamata in je in yi aikin, Hauwa ta yi ta min naci. Na ce ai aikin rabin awa ne, Asabar da safe ya isa. Gaskiyar magana, Juma'a babu 'yan kallo.

Na isa Kwandere da hantsi, cikin babbar rigar shadda. An riga an yanka san Alhaji Isa, nama ya cika baho-baho, an wanke shinkafa, an girke manyan tukwane a kan duwatsu, amma ƙarƙashinsu babu komai sai 'yan ƙirare da kara. Mata masu girki sun zuba min ido. Ɗaurin aure ƙarfe sha ɗaya ne, baƙi za su ci abinci da azahar, kuma duk wutar wannan abincin tana cikin kwalin da ke but ɗin motata.

Na farke kwalin a hankali yadda kowa zai gani. Aka ce ma sha Allahu. Na ɗora sarƙa, na ɗaure notuna, na zuba mai. Baba ya matso ya ce a hankali, "Malam, da ka cire rigar." Na cire, na tsaya daga ni sai singileti da hula.

Tun daga ɗagawa na sha jinin jikina. A shago kwalin kawai na gani ana sa min a mota, ban taɓa ɗaukar abin ba. Na ajiye shi a ƙasa na taka, na hau jan igiya. Ja ɗaya, biyu, bakwai, sha wani abu, har hulata ta faɗi. Can ya tashi da wata irin ƙara da ta kori kaji daga unguwar, ta kuma jawo duk wanda bai riga ya zo ba. Abokan ango suka fito da wayoyi.

Na kinkime shi na ɗora a kan reshe, na matsa.

Ƙara dai ba a magana. Hayaƙi ma ya tashi, da warin ƙuna. Amma injin sai tsalle yake a kan itacen, ni ma ina tsalle tare da shi, haƙorana suna haɗuwa. Na danna da duk ƙarfina. Da na ɗaga in ga inda aka kwana, abin da na tarar wani ɗan baƙin zane ne, ko yatsa ba zai shiga ba.

"Mangwaron nan ya bushe da yawa," in ji ni, da ƙarfi, don a ji.

Na koma wani reshen. Haka. Gumi ya wanke ni. Alhaji Isa ya leƙo da murya mai daɗi ya ce, "Ko a nemo gatari a taimaka wa injin?" Aka kwashe da dariya. Baba bai yi dariya ba, agogonsa kawai ya duba, ya dubi tukwanen. Wallahi wannan ya fi min dariyar ciwo, don ni na hana shi kiran masu aikin.

Sai na ji an taɓa kafaɗata. Mama Ngufan ce, maƙwabciyar su Baba, manomiya 'yar ƙabilar Tibi wadda ke jagorantar girkin, da ludayi a hannunta.

"Oga, kashe shi. Kashe shi tukuna."

Na kashe. Wurin ya yi tsit.

"Sarka naka yana baya-baya. Haƙori yana duba ka, ba ya duba itace. Tun can na ji kuka nashi ba daidai ba."

Ashe mijinta, kafin ya rasu, shekara da shekaru yana yankan katako a dajin wajen Awe, ita ke wasa masa sarƙa. Ta miƙa min ludayin ta ce in riƙe. Na riƙe. (Wannan hoton ne ya fi yawo: ni da singileti da ludayi.) Ta ɗauko sifana daga cikin kwalina, ta kwance notuna biyu, ta juya sarƙar, ta ɗaure, ta zuba man sarƙa da ban ma san da ramin zuba shi ba. Ja ɗaya ta yi ya tashi.

Ta so ta rufa min asiri, ta mayar min da shi. Wannan karon ya ci, garin katako ya yi ta feshi, har aka yi min tafi. Na yanka gunduwa biyu. A ta uku hannuwana suka mutu murus, bakin injin ya sunkuya ya kusa cin ƙasa kusa da ƙafata. Ta yi wuf ta karɓe.

"Abeg, kar ka yanke ƙafa a biki na mutane. Wannan inji ya fi ka. Wane ne ya sayar maka?"

Ta ɗaure zaninta tamau, ta bi mangwaron nan reshe-reshe. Aikina ya koma kwasar itace zuwa murhu, ina faskare da gatarin da Alhaji Isa ya aika aka nemo. Ɗaurin auren ma ban samu ba. Abinci bai sauka ba sai bayan la'asar, wasu baƙin Lafia sun riga sun tafi da yunwarsu. Na je ba Baba haƙuri, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ce, "Ba komai, Malam. Ai injin yana da kyau."

Ranar Litinin na koma shagon Alhaji Sabo da kwalin. Ashe bidiyon ya riga ni zuwa. Ya haɗa ni da wani mai shiga daji ya sayi ƙaton, sannan ya ɗauko min ɗan madaidaicin nan na farko. Na zauna a benci ya haɗa shi a gabana, ya sa na ɗora sarƙa sau uku da hannuna.

Yanzu in wani ya ce min zai sayi inji, nakan ce ya auna kaurin itacensa da ƙarfin damtsensa, ya bar maganar masu kallo, kuma ya ɗaga abin da hannunsa tun a shago. Ni dai duk shekara ina yanke rassana huɗu lafiya lau, kuma sai na tabbata an rufe ƙofar gida.

Bara iska ta sake kayar da wata bishiya a Kwandere. Baba ya kira ni a waya, muka gaisa, na ji daɗi an tuna da ni, har na fara cewa ina nan zuwa Asabar.

"A'a, Malam, kada ka wahalar da kanka," in ji shi. "Injin kawai za ka aiko. Mama Ngufan tana nan."