Rasuwar Tsattsewa, Kwalbar da Guguwa Ba Ta Taɓa Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushi, ni Odile Ferrandier ta unguwar Faubourg Blanchot a nan birnin Nouméa, a tsibirinmu na tsakiyar teku, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da ƙungiyarmu ta masu tara tsofaffin kayan gilashi, rasuwar kwalbar furannina da muke kira Tsattsewa. Ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin kicin, wurin da ba ta taɓa zuwa ba tun da take.

An haifi marigayiya a birnin Nancy na Faransa sama da shekara ɗari da suka wuce, a hannun gwanin gilashi Aristide Volmerange, wanda aka ce abin da yake fasawa da kansa ya fi wanda yake sayarwa yawa. Da bakinsa ya hura ta. Da garin gilashi mai launi ya zana mata reshe da sheƙa, da tsattsewa guda tana zaune tana duban dama, sannan ya mayar da ita wuta har zanen ya narke ya kama jikinta. In ka shafa, sai ka ji gashin tsuntsuwar ya ɗan taso.

Ta ƙetaro teku a naɗe cikin siket ɗin kakata. Ta ga yaƙin duniya biyu, ta ga girgizar ƙasa, ta tsira daga yara uku da kyanwa mai neman magana. Ba ta da surutu. Sai in ka ɗan ƙyasta mata farce take amsawa da "tiiin", siririya, doguwa, har sai kowa a falo ya yi shiru.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Da safe rediyo ya ce guguwa ta doso mu, kuma kowa a garin nan ya san aikinsa: a rufe tagogi, a tafasa ruwa, a cika duk abin da ke riƙe ruwa kafin famfo ya ɗauke. Na fita neman batir da kyandir da burodi, na bar wa mijina Gaëtan aikin ruwa. Ya cika tukwane, ya cika bokitai, ya cika bahon wanka. Sauran tafasasshen ruwa ya rage a buta, sai bawan Allah ya ɗaga kai ya hango ta a bisa kantar falo, ya sauko da ita kicin ya juye mata shi.

A cewarsa, "ƙis" kawai ta ce, ta rabe gida uku.

Na dawo na same shi yana goge tebur. Ya ce, "Haba Odile, rediyo fa cewa ya yi duk abin da ke riƙe ruwa."

Na ce, "Gaëtan, tun da muka yi aure kake ganina ina share ta da busasshen ƙyalle. Ka taɓa ganin na ɗiga mata ko ruwan sanyi?"

Ya ce, "Ni na ɗauka rowarki ce kawai. Yau na ji ikon Allah, kwalba da tsoron ruwa!"

Ita kuwa guguwar, da yamma ta karkata ta bi teku. Ko ganyen mangwaro bai faɗo a tsakar gidanmu ba. Har yau muna da ruwa a bahon wanka.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, da ƙananan kofuna shida da suka yi zaman kanta ɗaya da ita, da Gaëtan, wanda rashin bai hana shi cin abinci ba. Ta kuma bar 'yar'uwarta, kuma a nan ne abin yake ci mini rai. Tagwaye Volmerange ya yi su. A jikin ɗayar akwai tsattsewa ta buɗe fiffike tana nufo hagu, in an jera su sai ka ga ta kusa sauka a reshen tawa. Na tsufa ina cigiyarta, har na gano ta a wajen wani dattijo a Nancy, Monsieur Hacquard, ta marigayiyar matarsa ce. Ya ƙi rabuwa da ita sai da na rantse masa za su tsaya kafaɗa da kafaɗa. Yanzu haka tana cikin jirgin ruwa, tana tafe. Duk Lahadi yana bugo waya ya ce, "'Yata, sun haɗu?" Ta wannan makon ban ɗauka ba.

An naɗe gawar a cikin rigar Gaëtan da ya fi so, ba tare da shawararsa ba. Za a yi jana'iza a gindin mangwaron bayan gida, shi zai haƙa, kuma an hana shi jawabi. Masu zuwa ta'aziyya su zo da ƙyallen gaisuwa kamar yadda aka saba a garin nan. Kada kowa ya kawo fure, babu abin sa shi. Mai shawarar a liƙe ta da gam ya yi zamansa a gida.

Ba a sa rana ba tukuna, sai jirgi ya iso. Zan buɗe akwati da hannuna, in jera su sau ɗaya a kan ƙyalle don kada rantsuwata ta tashi a banza, sannan in buga wa dattijo in ce masa sun haɗu. Bayan nan a rufe tawa, baƙuwa kuma ta hau kantar falo ita kaɗai, fiffike a buɗe, babu reshen sauka.