Kwalabe Uku a Gidan Othman

Wani ne ya zo aiki Jidda, ya kama ɗaki a unguwar Bani Malik. Kullum in an zauna hira sai ya fara cika baki, wai shekara bakwai ya yi a wani babban otal a Legas, ba barasar da bai sani ba. Da hanci kaɗai yake gane ƙasar da aka yi ta.

Maƙwabcinsa Othman, haifaffen Jidda, ya gaji da ji. Ran nan bayan la'asar ya ja shi gida, ya rufe ƙofa, ya saki labule. Ya fito da kwalabe uku marasa tambari: fara, ja, da mai ruwan ƙasa.

"Yalla, gwani. Faɗa mana."

Gaban mutumin ya faɗi, amma baki ya riga ya ja masa. Ya tsiyaya farar, ya jujjuya kofin, ya shinshina, ya kurɓa.

"Ta Rasha ce. Shekararta goma sha biyu a tulu."

"Mashallah! Jar fa?"

Ya kurɓa, ya lumshe ido. "Faransa. Ta mata ce, zaƙi ya yi yawa."

Ta ukun ya ce wiski ce, amma jabu, an cuci Othman. Ya haɗa duka ukun a kofi ɗaya, ya ce haka manya ke sha, ya shanye.

Ba a jima ba harshe ya yi nauyi. Ya miƙe yana tangaɗi, yana kiran firij "ranka ya daɗe".

Sai aka buga ƙofa da ƙarfi.

Othman ya zaro ido. "Shurɗa! 'Yan sanda!"

Mutumin ya faɗa bayan kujera. "Na shiga uku! Iƙamata, takardar zamana! In kafilina da ya kawo ni ƙasar nan ya ji, gobe ina cikin jirgi! Othman, ka gaya musu wallahi ban taɓa sha ba sai yau. Gadi nake yi a otal ɗin, ko ciki ba a barina in shiga!"

Ƙofa ta buɗe. Hajiya Aishatu ce, mahaifiyar Othman, da carbinta a hannu. Ta dubi kwalaben.

"Wa ya taɓa mini sobiyata?"

Ta ɗauki farar za ta kai baki. Mutumin ya rarrafo. "Hajiya, kar ki sha! Za ta kayar da ke!"

"Sha'ir ne da burodi da sukari, ɗan nan. Jar ma ita ce, launi kawai aka sa mata, mai ruwan ƙasan kuma tsamiya. Tun ina yarinya da ita muke buɗa-baki, ba ta taɓa kayar da ko jinjiri ba." Ta kurɓa, ta yi hamdala.

Othman na riƙe da ciki don dariya. "Halas, ya isa haka, ya shehi, miƙe. Tangaɗin na mene ne kuma?"

Mutumin ya dafa bango, ya harare shi.

"Sai yanzu za ku faɗa, bayan ta riga ta kama ni?"