Ɗigon Jan Farce Uku

Ba zan taɓa mantawa ba da Larabar da na kankare wa kaina mutunci da wuƙa a garejin maigidana, Malam Ilu, a Ƙonni.

Shekarata shida a hannunsa ina koyon gyaran mota, har waɗanda suka zo bayana an yaye su. Sai ga wata mota kat-kat ta wani Alhaji mai albasa, tana kwaram-kwaram duk sanda aka tayar da ita. Maigida ya ce sarƙar cikin inji ce ta saki, wadda ke sa sama da ƙasan injin su juya tare. Ya ce in na taya shi muka gama ta lafiya, ya yaye ni.

Mun buɗe inji ke nan aka kira shi jana'iza a Dogarawa. Ya ce in jira shi. Ni da jira? Na cire sarƙa da ƙafafunta masu haƙora, na jiƙa su a fetur, na wanke tas. Sai wasu jajayen ɗigo uku suka ƙi fita. Na sa burushi, suka ƙi. Na sa soson ƙarfe, suka ƙi. Na rantse ko ni ko su, na aro wuƙar mai tsire (har da yi masa alkawarin zai ga aiki). Awa guda ina gumi kafin in ga bayansu.

Da la'asar maigida ya dawo, ga Alhaji, ga 'yan shayin bakin gareji. Na baje kayan a kan buhu suna ƙyalli, na harɗe hannu ina jiran yabo.

Ya juya sarƙar, ya sake juyawa.

"Ina jan hwarcen da nis sa?"

"Wanne, maigida? Dattin nan? Ai ya sha wuya hannuna!"

Ashe alamun kamfani sun daɗe da gogewa, shi ya sa ya ɗiga jan farcen matarsa don a san haƙorin da sarƙa za ta koma. In haƙori ɗaya ya goce, inji ba zai yi aiki ba. Alhaji ya yi salati. 'Yan shayi kuwa har da mai ƙwarewa don dariya. Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

"In ba ta tashi ba kahin sallar Juma'a," in ji maigida, "ka ƙara shekara."

Ban tafi gida da kuka ba. Na karyo karan gero, na zura ta ramin buji, wato fulogi, ina juya inji da hannu ina lura da inda karan ya fi tasowa, don daga nan ake gane haƙorin da sarƙa za ta zauna. Haka na yi ta lalube kwana biyu, maigida na zaune yana kallo. Sau huɗu ina ɗaurawa ina kwancewa. Da hantsin Juma'a na murɗa makulli, mota ta tashi lafiya lau.

An yaye ni. Amma yau shekara tara ina da garejina a Malbaza, na rubuta sunana ɓaro-ɓaro a allo, duk da haka direbobi ba su san ko'ina ba sai "wurin Mai Wanki".

Tun daga ranar, in na ga abin da ban gane ba a jikin inji, sai na tambayi wanda ya sa shi kafin in nuna masa ƙarfi.