Makullin da Ya Tuɓe wa Modu Hula

Ko na manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara koyon injin feƙe ƙarfe ba. Bayan na yi ritaya daga koyarwa, zaman gida ya ishe ni, sai na nufi shagon Modu a unguwar Dogo Tebo. Modu tsohon ɗalibina ne (wanda na sha ja wa kunne saboda rashin sauraro, ku riƙe wannan).

Ya karɓe ni da ladabi, amma ya kafa sharaɗi: "Malam, injin nan bai san babba ba. Kuskure ɗaya, sai dai ka koma kallo."

Ya sa na tuɓe babbar riga, na cire agogo da zobe, na naɗe hannun riga, ya maƙala mini tabarau na kare ido. Sannan ya shiga bayani: wannan ke riƙe ƙarfe, wannan ke yanka, jan maɓallin nan ke tsayarwa. Ni kuwa sai gyaɗa kai nake, wallahi ko rabi ban gane ba. Amma tsohon hedimasta ya ce wa Modu ya maimaita? Ina!

Na sa sandar ƙarfe a bakin injin, na ɗaure ta tamau da wani ɗan ƙarfe mai mariƙi. Modu ya juya yana neman abin awo, ya ce, "Malam, ka cire makulli?"

Makulli? Na dubi babur ɗina a ƙofar shago, na laluba aljihu, na ji makullinsa. Har na ji daɗi yana kula da dukiyata.

"Na cire tun ɗazu."

"To, kunna."

Na kunna. Fiuu! Wani abu ya tashi kamar an harbo shi da gwafa, ya yi gaba da hular Modu, ya daki kwanon rufi. Da ya sauko ƙasa kaɗan, da idonsa ya tafi.

"Innalillahi! Modu, wa ya jefe mu?"

Ya kashe injin, ya ɗauko hularsa ya kaɗe, sannan ya tsinto abin da ya tashi ɗin: ɗan ƙarfen nan mai mariƙi da na bari a jikin injin. Ashe shi ne makullin. Ni kuwa, don tsabar ruɗewa, sai na zaro na babur ina nuna masa.

"Malam," ya ce a hankali, "ka ji, ko ba ka ji ba?"

Maganata ce, wadda nake yi masa yana aji huɗu. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata.

Wata guda na yi a benci ina kallo. Yanzu ko gishiri aka ce in miƙo a gida, sai na tambaya wanne.