Yadda Za Ka Sauke Sirdin Keken da Surukinka Ya Ba Ka

Idan kai gajere ne, surukinka dogo, kuma ya ba ka kyautar kekensa, zauna ka saurara. Na rantse da sifanata, wanda ya bi matakan nan zai taka ƙasa da ƙafarsa. Na gwada su a kan Gajere, mijin Rahinatu, mai kai albasa kasuwar Wurno.

Mataki na 1: Gane ciwonka

Hau keken. Idan ɗuwawunka na lilo dama da hagu kafin yatsanka ya taɓo feda, sirdin ya fi ƙarfinka. Gajere ba ya iya tsayawa sai ya sami kututture ko turmin wata. Abin takaici, ƙofar gidan Baba Attahiru, surukinsa, a Kwargaba, gangare ce fes, ko dutse babu. Ɗan mutunci kuwa sauka yake yi ya durƙusa. Shi Gajere sai ya wuce fuu, yana jefa “Ina kwana, Baba!” ta bayan kafaɗa. Har tsohon ya fara tambayar Rahinatu ko mijinta ya zama hakimi.

Mataki na 2: Kada ka kai wa mai gyara

Mai gyaran keke gidan rediyo ne. Kafin ka iso gida labari ya kai Goronyo cewa ka raina kyautar manya. Ba a cewa kyautar suruki ta yi tsawo. Kai ne ka yi gajarta.

Mataki na 3: Nemi bayan rumbu

Da tsakar rana, lokacin da kowa ke neman inuwa, ja keken can. Ɗiga wa notin ƙasan sirdi man gyaɗa, don ya daɗe bai motsa ba. Idan matarka ta ga kwalbar ta ragu, ka ce ɓera ne. Ɓera ba ya musu.

Mataki na 4: Auna

Sassauta notin, danna sirdin ƙasa. Zauna, ɗora diddige kan feda. Gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, kada ta miƙe kamar taɓarya, kada kuma ta doki haɓarka. Daidaita hancin sirdin ya kwanta sosai. Idan ya kalli sama, za ka gane kurenka tun kafin ka kai garin Rabah. Juyo kan keken kusa da kai, yadda za ka kama birki ba sai ka yi ruku'u ba.

Mataki na 5: Ɓoye sawu

Sa babbar riga, ka baza ta ta rufe sirdin. Wanda ya ce ka ƙara tsawo, ka ce fura ce.

Mataki na 6: Je ka yi gaisuwa

Ranar Juma'a Gajere ya gangaro, ya kama birki, ya sa ƙafa ƙasa a hankali. Daɗi ya kusa sa shi kuka. Ya jingine keken, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya yi gaisuwar da ya daɗe yana ɗauke da ita, har da ta shanu da ta maƙwabta. Baba Attahiru ya ji daɗi ƙwarai, ya sa masa albarka. Sai idonsa ya faɗa kan keken, wanda yanzu babu riga a kansa.

“Ɗana, mi ya samu sirdin ga?”

“Lahiya lau, Baba.”

“A'a, ya zame. Ashe haka kake ta hama da shi, kunya ta hana ka hwaɗi? Allah sarki.”

Tsohon ya shiga gida da kansa, ya fito da sifana. Ya ja sirdin sama har ya wuce inda yake da, ya ɗaure notin da dukan ƙarfinsa na mai kayar da bijimi.

“To, yanzu ko jikokinka ba su kwance shi. Hau in gani.”

Gajere ya yi godiya. Ya dubi sirdin, sirdin na daidai da hammatarsa.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a ƙujewar gwiwa, yagewar wando ko fushin suruki. Na yi alkawarin za ka taka ƙasa, kuma Gajere yana takawa. Kullum za ka gan shi a hanyar Wurno, albasa a kan keke, shi a ƙasa yana turawa. Baba Attahiru kuwa yana faɗa wa kowa bai taɓa ganin yaro mai ladabi irinsa ba, tun daga gida yake saukowa daga keke don girmama shi.