Waƙar Da Na Shanye

Ba zan taɓa mantawa da takardar Jalal ba, ko da na manta hanyar tsohon gidanmu na unguwar Karantina, can ƙasar Larabawa. (Hadiza, rubuta duka, kada ki rage don kin ji kunyar kakarki.)

Jalal Bangali ne, tela a kasuwar Balad, abokin maigidana. Da rana yana ɗinki, da yamma yana waƙe da yarensu da Larabci. Yakan zauna ƙofar gidanmu yana ba da labarin garinsu, inda ruwa ya fi ƙasa yawa, yara na tafiya makaranta a kwalekwale. Ni ina bayan labule da shayi, ina ji kamar gidan na lilo a kan kogi.

Da maigidana ya rasu, ina cikin takaba, Jalal ya aiko da takarda a ninke. Fuska ɗaya Larabci, ɗayar rubutunsu mai kama da shanya a igiya. Ya ce a gaya mini ta sanyin zuciya ce.

To, ni ban yi karatu ba. A garinmu, in mai ilimi ya ba mai kuka rubutu, sha ake yi. Na jiƙa ta a kwano, tawadar ta narke shuɗiya, na yi bisimilla na shanye. (Ɗaci kamar maɗaci, amma na daure.) Ranar na yi mafarkin maigidana a kwalekwale, sanye da farar rigarsa, yana ɗago mini hannu.

Ranar addu'a gida ya cika. Jalal ya tsaya bakin labule.

"Hajiya, ina takardar? Zan karanta wa jama'a waƙar da na yi wa ɗan'uwana."

"Waƙa?"

"Aiwa, waƙa ce. Ita kaɗai ce, ban kwafa ba."

Na so ƙasa ta tsage. Na ce a hankali, "Ta ƙare, Ustaz. Na sha."

Maƙwabciyata Zinatu ta kwashe da dariya a gidan makoki. "Ke Hajiya! Baƙo ya zo neman waƙarsa, kin kai ta ciki!"

Na ɗauka Jalal zai yi fushi. Sai na ji ya ce: "Tun ina saurayi nake rubutu, ba wanda ya buga mini, matata ma ba ta karantawa. Yau an shanye ni." Ya gwada tuno baitocin, biyu kawai suka zo masa. A cikinsu akwai kogi.

Daga baya an rushe Karantina, Jalal ya koma ƙasarsu, na ji har ya buga littafi. Waƙar maigidana ba ta ciki. Tana nan inda na ajiye ta, kuma har yau in na yi kuka nakan ji ɗacin tawada.

Yanzu kowace takarda sai na tambaya kafin in nemi kwano. Hadiza, wannan da kike rubutawa, ajiye ta nesa da ni.